Dokar ƙwadago: a sassauta ta ko a ƙara ɗaure ta?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana tsaya mini a rai, ina so mu tattauna ta. Duk lokacin da aka taso da batun gyaran dokokin ƙwadago a ƙasashe masu tasowa, gida biyu ake rabuwa. Masu kamfanoni su ce doka ta yi tsauri, a sassauta musu su ɗauki ma'aikaci su sallame shi ba tare da wahala ba. 'Yan ƙwadago su ce doka ta yi laushi, a ƙara ɗaure ta. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018, mutum biliyan 2 ne ke aikin da ba shi da rajista, wato kashi 61 cikin 100 na duk masu aiki a duniya. A Afirka abin ya kusa kashi 86. Ke nan dokar da muke ta da jijiyar wuya a kanta, a nahiyar, ba ta san mutum takwas cikin goma ba. Ba su da takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba hutun ciwo, ba kuɗin sallama. Ranar da jiki ya ƙi, ranar samu ya tsaya.

Abin da nake gani shi ne mun rataye duk wata kariya a wuyan kujerar aiki. Wanda ya samu kujera ya samu asibiti da fansho, wanda bai samu ba ya tashi a tutar babu. Me zai hana kariyar ta bi mutum duk inda ya je, ko yana kamfani, ko yana gona, ko yana kan babur? Ina sauraronku.

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumus salam Malam. Na yarda da alƙalumanka, amma ka tambayi kanka me ya kai mutanen nan wajen doka? Tsadar shiga cikinta ce. Dubi Indiya. Dokarsu ta rikicin masana'antu ta 1947, bayan gyaran da aka yi mata daga baya, ta wajabta wa masana'antar da ke da ma'aikata 100 ko fiye ta nemi izinin gwamnati kafin ta rage ma'aikata ko ta rufe. Wane mai hankali ne zai so ya tsallaka 99? Sai ka ga mutum ya raba masana'antarsa gida uku, ko ya cika ta da 'yan kwantiragi ta hannun dillalai. Jihar Rajastan ta ɗaga adadin zuwa 300 a 2014, gwamnatin tarayya ma ta bi sahu a dokar 2020, lokacin da ta haɗe dokoki 29 suka koma 4. In ƙofar fita a kulle take, mai jari ba ya shiga ɗakin.

Kwamared Iliya:
Injiniya, wannan waƙar mun ji ta tun muna samari. Shekara talatin ina cikin harkar ƙwadago, kuma duk sanda aka ce mana a sassauta ayyuka za su zo, sassaucin ne ke zuwa, ayyukan su maƙale a hanya. Ka je ka tambayi iyalan waɗanda suka mutu a Rana Plaza a Bangaladesh. Ranar 24 ga Afrilu 2013 bene mai hawa takwas ya rufto, mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinki. Tun jajibirin ranar an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasan benen suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinkin komawa bakin aiki. Da suna da ƙungiya mai ƙarfi da za ta ce ba ma shiga, da yau suna raye. Ga abin da sassauci ke haifarwa nan.

Injiniya Bashir:
Kwamared, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba wanda zai kare abin da ya faru can. Amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Dokar tsaron rai daban, dokar hana sallama daban. Ni ban ce a bar mutane su yi aiki a ginin da zai faɗo ba. Kuma ka tuna dokar gini tana nan a rubuce a Bangaladesh a lokacin, aiwatarwa ce babu.

Baba Tanko:
Bari in sa baki a nan, don wannan gonata ce. Na yi aikin sufeton ƙwadago har na yi ritaya. Abin da Bashir ya faɗa na ƙarshe gaskiya ne, kuma shi ne ciwon da ba a son dubawa. A ofishin da na yi aiki mu huɗu ne, wuraren aikin da ke ƙarƙashinmu sun haura abin da za mu iya zagayawa ko da shekara biyar za a ba mu. Ba mu da mota. Sau da yawa mai masana'antar da za mu bincika shi ke aiko direba ya ɗauke mu. To ka faɗa mini, wanda ya hau motar mutum, ya zauna a ofishinsa mai sanyi, da wane ido zai rubuta a rufe masa wuri? Na rubuta rahotanni da na san a aljihun tebur suka ƙare, kuma har yau akwai wani yaro da inji ya cinye wa yatsu uku da ba na mantawa da shi, don wata shida kafin nan na rubuta cewa injin ba shi da murfi.

Yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan binciken wuraren aiki tun 1947 take, ƙasashe da yawa sun sa hannu. Sa hannu ba wuya. Ku lura da abin da ya kawo sauyi a Bangaladesh bayan musibar: kamfanonin sayen tufafi fiye da 200 sun rattaba hannu da ƙungiyoyin ƙwadago kan yarjejeniyar da za a iya kai wanda ya karya ta gaban shari'a, aka tura injiniyoyi masu zaman kansu suka duba masana'antu sama da 1,600, aka riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani. Masana'antar da ta ƙi gyara ta rasa masu saye. Kuma harkar ɗinkin ƙasar ba ta mutu ba, ƙara bunƙasa ta yi. Saboda haka ni shawarata kullum: a rage yawan dokoki, a bar waɗanda suka shafi rai da lafiya da biyan albashi a kan lokaci da hana sa yara aiki, sannan waɗannan a aiwatar da su ba sani ba sabo.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah ya saka da alheri, ka faɗi gaskiya. Ni ba masaniya ba ce, ƙaramar masana'antar ɗinki gare ni, mutum goma sha huɗu ke aiki tare da ni. Bari in gaya muku abin da ke hana ni yi musu cikakkiyar rajista, kuma ba ina alfahari da shi ba ne. Na taɓa zama da akanta muka lissafa. In na sa su a takarda, bayan albashi akwai kason fansho, akwai na inshorar lafiya, akwai na asusun horarwa, akwai na diyyar rauni, kowanne da ofishinsa da fom ɗinsa da ranar biyansa. Sai na ɗauki mutum guda don wannan zirga-zirgar kawai. Sannan aikina na lokaci ne, wata uku oda ta yi yawa har mu kwana muna ɗinki, wata uku kuma shiru. Idan na rage mutum a lokacin shiru, kuɗin sallama zai faɗo mini daidai lokacin da ba ni da ko sisi.

Ba ƙin su nake ba. In ɗaya ta haihu ni ke biyan asibiti, in wani ya yi rashi ni ke tsayawa. Amma na san wannan alheri ne na ganin dama, ranar da na faɗi ko na mutu shi ke nan, ba su da abin riƙewa. Wannan yana hana ni barci.

Malam Nasiru:
Hajiya, kin kawo mu daidai inda nake so mu zo. Duk waɗannan kason da kika lissafa haraji ne a kan ɗaukar mutum aiki. Mun ce muna son ayyuka masu rajista, sai muka ɗora wa aikin mai rajista kaya, muka bar marar rajista yana tafiya sakayau.

Kolombiya ta gwada sauke kayan. A gyaran harajin 2012 ta rage abin da mai aiki ke biya a kan albashin ma'aikacin da ke karɓar ƙasa da ninki goma na mafi ƙarancin albashi, daga kashi 29.5 zuwa 16. Ba a soke kiwon lafiyar ko horarwar ba, an mayar da nauyinsu kan harajin ribar kamfanoni. Bayan haka ayyuka masu rajista suka ƙaru. Tailan kuma tun 2002 ta shimfiɗa kiwon lafiya ga kowa daga baitulmali, ko kana aikin ofis ko kana noma. Lesoto, duk da ƙarancinta, ta fara biyan fansho ga tsofaffi masu shekara 70 a 2004 ba tare da tambayar ko sun taɓa aikin albashi ba.

Maganar sallama kuwa, Chile ta kafa tsari a 2002: kowane wata ana zuba ɗan kaso a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikaci, da wani asusun haɗaka da gwamnati ke tallafa wa. In aiki ya ƙare, kuɗin na nan, ba sai an jira mai kamfanin da ya karye ya nemo su ba. Hajiya, da irin wannan ne, da nauyin bai faɗo miki a watan shiru ba, kuma da ma'aikaciyarki ba ta tafi hannu rabbana ba.

Kwamared Iliya:
Malam, a takarda ya yi kyau. Tsorona ɗaya ne, kuma ba tsoron banza ba ne. Gwamnatoci sun iya rushe tsohon ɗaki kafin su gina sabo. Za a soke kuɗin sallama yau da safe, a ce inshorar rasa aiki tana tafe, sai a shekara goma ana jira. A Indunusiya a 2020 an yi dokar da aka kira ta samar da ayyuka, ta rage kuɗin sallama ta kawo inshorar rasa aiki. Ma'aikata da ɗalibai suka cika tituna, kuma a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce hanyar da aka bi wajen yin dokar ba ta inganta ba, a gyara. Me ya sa? Don ba a zauna da mutanen da abin ya shafa yadda ya kamata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan kuɗin daga ina? Ƙasashen da muke magana a kansu harajin da suke tarawa bai taka kara ya karya ba, bashi kuma ya ci rabin abin da ya shigo a wasunsu.

Malam Nasiru:
Kwamared, a nan ba ni da ja. Sabon ɗaki ya tsaya da ƙafarsa tukuna, a ga ya biya mutane na gaske, kafin a taɓa tsohon. Batun kuɗi ma gaskiyarka ne, shi ya sa ba a fara komai lokaci ɗaya. Ni da lafiya zan fara, don ciwo ne ya fi saurin mayar da mai neman na kansa mabaraci.

Auwal:
Iyayena ku yi haƙuri in shigo. Duk maganar nan ta wanda ya samu aiki ce. Ni shekarata huɗu da gama digiri. An sa ni a shirin koyar da sana'a har sau biyu, na fito da takardun shaida biyu, ban samu aiki ko ɗaya ba. A karo na biyu mu ɗari biyu aka koya wa abu ɗaya, aka sake mu cikin kasuwar da ba ta buƙatar ko ashirin. Ni ko aikin da ba fansho a ba ni, da babu gara ba daɗi.

Malam Nasiru:
Auwal ƙanena, abin da ya same ka ba naka ne kai kaɗai ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen irin waɗannan shirye-shirye a 2017, ya ga a matsakaici cikin mutum 100 da aka horar, kimanin 2 ne kawai ke samun aikin da da ba su samu ba, alhali ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum. Gwamnatoci na son shirin horarwa don ana iya ɗaukar hotonsa ranar yaye ɗalibai. Horon da ke aiki shi ne wanda mai ɗaukar ma'aikata ya shiga tsara shi tun farko, kuma aka ba da takardar shaidar da wani kamfanin ma zai yarda da ita. Amma in babu kamfanonin da ke faɗaɗa, horo sauya layi kawai yake yi, na baya ya koma gaba.

Zainab:
Yaya Auwal, ina so in yi maka magana a kan "da babu gara ba daɗi", don ni ma haka na ce kafin in shiga. Na yi wata bakwai a wata masana'anta. Tsayuwa awa goma, ƙurar da ke shiga ƙirji, a yanke maka albashi in ka makara minti biyar, kuma in ka cire kuɗin mota da na haya abin da ya rage bai kai abin da nake samu a 'yar sana'ata ta gida ba. Na fita da tarin da ya bi ni kusan shekara.

Daga baya na karanta binciken da Christopher Blattman da Stefan Dercon suka yi a Habasha, sai na ga kamar labarina aka rubuta. Sun bi masu neman aiki kusan 1,000 a kamfanoni biyar. Cikin waɗanda aka ba aikin, kusan kashi ɗaya cikin uku sun bari tun a watan farko, kafin shekara ta cika kashi 77 cikin 100 sun tafi. Kuɗin shigarsu bai fi na waɗanda ba a ɗauka ba, matsalar lafiya kuma ta ƙaru. Habasha ta gina katafaren rukunin masana'antu a Hawasa a 2016, ta jawo masu jari da arhar ƙwadago, babu ma dokar mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu. Amma ma'aikacin da zai tafi bayan wata uku yaushe zai ƙware? Shi kansa mai kamfanin asara yake yi.

Injiniya Bashir:
Zainab, Allah ya ƙara lafiya. Amma binciken nan da aka koma bayan shekara biyar, an tarar bambancin ya shafe, har wasu daga cikin masu neman aikin da aka ba jarin dala 300 su fara sana'a ba su fi sauran ba. Ƙaramar sana'a ma ba ta fitar da su ba. Koriya ta Kudu da Biyetnam ta masana'anta suka bi, kuma farkonsu ba daɗi.

Kan mafi ƙarancin albashi kuma, a yi hattara. Afirka ta Kudu ta kafa nata a 2019, rand 20 na kuɗin ƙasar a awa, ga ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, amma rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100.

Kwamared Iliya:
Rashin aikin Afirka ta Kudu ya girmi dokar 2019 da shekaru masu yawa, tushensa na cikin mulkin wariya da ya hana baƙar fata ilimi da ƙasa, ya jibge su nesa da inda ayyuka suke, ga matsalar lantarki ta zo ta ƙara. Kada a ɗora wa rand 20 laifin da ba nata ba. Ga Barazil: daga 2003 zuwa 2014 mafi ƙarancin albashi ya yi ta hawa fiye da tsadar kaya, ayyuka masu rajista kuma suna ƙaruwa, tazarar mai kuɗi da talaka tana raguwa. Koriyar da ka ambata ma, albashi bai tashi don kirkin masu masana'anta ba, sai da ma'aikata suka yi gagarumin yajin aiki a 1987.

Malam Nasiru:
Ku duka biyun kuna da rabon gaskiya. Barazil ta yi hakan ne a lokacin da kayan da take fitarwa ke tsada a duniya. Abin lura shi ne inda aka ajiye ma'aunin. In an sa shi kusa da abin da ƙananan kamfanoni za su iya biya, yana ɗaga na ƙasa, har marasa rajista sukan ɗauke shi abin kwatance wajen ciniki. In an ɗaga shi sama da abin da galibin mutane ke samu, sai ya zama na ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni kaɗai. A bar kwamitin gwamnati da masu aiki da ma'aikata su riƙa duba shi duk shekara da alƙaluma a gabansu, maimakon a jira sai zaɓe ya ƙarato.

Zainab:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo. A layinmu mata da yawa ba albashi ne ya kore su ba, rashin inda za su bar yaro ne, da tsoron hanya in an tashi da dare. Kuma wasu ƙasashen dokarsu ta ɗora wa mai kamfani shi kaɗai biyan albashin hutun haihuwa, sai ya ƙi ɗaukar mace mai aure tun farko. A mayar da wannan kuɗin kan asusun inshora na kowa da kowa.

Kwamared, kai ma ina da tambaya gare ka, da girmamawa. Lokacin da nake masana'antar nan, mu 'yan wucin gadi ba wanda ya zo ya tambaye mu daga ƙungiya. An ce ba mu biyan kuɗin mamba.

Kwamared Iliya:
'Yata, wannan ta same ni, kuma ba zan kare kaina ba. Mun fi kula da wanda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa. Laifinmu ne. A Indiya wata lauya, Ela Bhatt, ta kafa ƙungiyar mata masu aikin kansu a Ahmadabad a 1972, masu talla da masu ɗinki a gida da masu dako, a lokacin da ake cewa wanda ba shi da ubangida ba shi da wanda zai yi wa ƙungiya. Yau mambobinta sun haura miliyan 2, suna da bankinsu da inshorarsu. A reshenmu na kawo shawarar mu buɗe rajista ga 'yan wucin gadi da kuɗin mamba kaɗan, sau biyu ana kayar da ita. Zan sake kawo ta a taron da ke tafe, kuma in kin yarda zan karanta musu abin da kika rubuta, ba tare da sunanki ba.

Zainab:
Na yarda Baba. Ka sa har da maganar tarin.

Hajiya Rabi:
Malam Nasiru, koma kan tawa matsalar. A cikin duk ƙasashen da ka lissafa, akwai wadda ta yi wa irina hanya, wato biya ɗaya a wuri ɗaya?

Malam Nasiru:
Akwai, Hajiya. Barazil tana da tsarin da ke haɗe harajin ƙananan kamfanoni da kason inshorarsu a biya guda duk wata, gwargwadon cinikin da aka yi. Daga 2009 kuma ta buɗe wani na masu sana'a su kaɗai ko da yaro ɗaya: rajista ta intanet, a biya kashi 5 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mutum ya shiga layin fansho da kuɗin ciwo da na haihuwa. Fiye da mutum miliyan 10 sun shiga. Yana da nasa aibin: wasu kamfanoni kan sallami ma'aikaci su ce ya je ya yi wannan rajistar ya dawo a matsayin ɗan kwangila, don su kauce wa haƙƙinsa, sannan da yawa kan yi rajista su daina biya. Nan ne aikin irin su Baba Tanko yake.

Baba Tanko:
Wannan dabarar na san ta, ba ta da wuyar kamawa. Tambaya uku nake yi wa mutum: wa ke sa maka lokacin zuwa da tashi, kayan aikin na wane ne, kuma kana da wani mai ba ka aiki ban da wannan? In amsar duka ta koma kan mutum ɗaya, to ma'aikacinsa ne ko me aka rubuta a takarda.

Hajiya Rabi:
To ni da waɗannan tambayoyin naka Baba, goma sha huɗun nan duka ma'aikatana ne, ban da ja. In da biya ɗaya ne da ke hawa da sauka tare da cinikina, wallahi gobe zan sa su a takarda. Kafin nan, zan koma wurin akantan mu sake lissafi a kan inshorar lafiya kaɗai, in ga ko zan iya fara ta da su a wannan shekarar.